Tatsuniyar Dare da Littafin Hotuna: Abin da Auta Ta Koya Mini

An haife ni a wani ƙauye da ke ƙasar Minjibir, arewa da birnin Kano, a yankin nan da gonaki suka manne da juna har mutum ya yi tafiyar yini bai ga daji ba. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin yankin tun cikin shekarun 1960, ya bayyana shi da cewa karkara ce mai cunkoson jama'a, inda ake noma kowace gona kowace shekara ba hutu, taki kaɗai ke riƙe da ita. Mu da muka tashi a ciki abin da muka sani shi ne, daga bayan dangar gidanmu gero yake farawa, inda ya ƙare dawar maƙwabci ta ɗauka, ga ɗorawa da kuka da gawo da tsamiya tsaitsaye a tsakiyar gonakin, kowace bishiya da mai ita. Ban taɓa jin kukan kura ba a duk ƙuruciyata, domin ba ta da wurin ɓuya a irin wannan ƙasa. Amma fa da zarar an idar da sallar lisha an kwashe kwanukan tuwo, kura takan dawo garinmu, ta bakin kakata.

Kakar tawa uwar mahaifina ce, Iya muke ce mata, ita kuma "maigidana" take kirana, kamar yadda kaka kan yi wa jikanta namiji. Da rani a tsakar gida take shimfiɗa tabarma, da damina mu cunkushe a ɗakinta, da hunturu kuwa mu kewaye kaskon wuta. Hannunta ba ya zama haka nan, ko dai tana ɓarar gyaɗa ko tana kaɗi. Idan ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," muka amsa, "Ta zo mu ji ta," to an buɗe ƙofa ke nan. Gizo da Ƙoƙi za su shigo, Dodo zai biyo baya, ga marainiyar da kishiyar uwa ta aika ɗebo ruwa a rafi mai nisa. Inda waƙa ta zo a cikin labarin, ita ke bayarwa mu kuma mu amsa. Ƙananan cikinmu ba safai suke kaiwa ƙarshe ba, kafin a ce ƙurunƙus barci ya kwashe su, sai iyayensu mata su zo su ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Iya ba ta yarda a yi tatsuniya da rana. Takan ce duk wanda ya yi zai ɓata a kasuwa, ni kuwa da ba abin da nake so kamar a tafi da ni kasuwar Kunya, ban taɓa gwadawa ba. Da na girma na fahimci cewa camfin yana tsare lokacin aiki ne, kada yara su bar kiwo da aike su zauna hira. Daga baya kuma na ga wani dalili na biyu. Da rana ido yana da abin kallo, saboda haka kunne ba ya samun cikakken rabonsa. Da dare kuwa, fitilar aci-balbal ba ta haska komai sai fuskar mai magana, duk sauran duhu ne, kuma a kan wannan duhun kowannenmu yake zana nasa Dodon. Nawa yana da kan bajimin sa da ƙafafun raƙumi. Na ƙanena, kamar yadda ya gaya mini bayan mun manyanta, kamar wani mahaucin garinmu yake. Ashe littafin hotuna muke karantawa kowane dare, sai dai kowa shi ke yi wa kansa zanen.

Abin da Tatsuniyar Dare Take Yi wa Yaro

Ɗalibin da ya yi kwas ɗin adabin baka ya san amfanin tatsuniya da aka saba lissafawa, wato tarbiyya da nishaɗi da adana al'ada. A nan ina so in ƙara abubuwa biyu da suka shafi dare kansa.

Na farko shi ne harshe. A bakin Iya na fara jin kalmomin da daga baya na san sunansu a ilimin kimiyyar harshe, wato amsa-kama. Gari ya yi tsit, duhu ya yi dunɗum, taurari suna ƙyal-ƙyal, kura ta taho saɗaf-saɗaf, yarinya ta farka firgigit. Waɗannan kalmomi zane ne da ake yi da murya. Yaro ba ya buƙatar a fassara masa su, domin sautinsu da yanayin da aka faɗe su sun isa. Haka nan maimaici, inda yarinya za ta gamu da abu na farko da na biyu da na uku, kowanne da magana kusan iri ɗaya, shi ke koya wa yaro ginin jimla ba tare da ya san ana koya masa ba. Kafin dare na uku, shi ne zai riga mai tatsuniya faɗar abin da ke tafe.

Na biyu shi ne tsoro. Babu yaron da ba ya tsoron duhu, kuma ba a raba shi da tsoron ta hanyar ce masa babu komai, domin shi yana jin akwai. Abin da tatsuniya take yi shi ne ta ba tsoron suna da siffa da iyaka. Dodo yana da ƙarfi, amma wawa ne, yarinya ƙarama takan yi masa wayo. Yana shigowa ne bayan an buɗe labari, kuma da an ce ƙurunƙus an rufe shi a ciki. Yaron da ya ji wannan yana jingine da cinyar kakarsa ya gamu da abin tsoro a wurin da ya fi ko'ina aminci a duniyarsa, ya kuma ga an ci galabar abin. Daga nan a yi masa addu'ar kwanciya, a tofa masa Falaƙi da Nasi, ya yi barci.

Daga Baki zuwa Takarda

An sa ni makarantar firamare a 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a Nijeriya. Da Ka Koyi Karatu muka fara, muka wuce zuwa Ka Ƙara Karatu. Littattafan aji ne, da an tashi ake tattara su a kulle a kabad. Ban taɓa tunanin littafi yana da wata alaƙa da dare ba, sai da na kai aji biyar wani malaminmu ya ara mini Magana Jari Ce na ɗaya. Na karanta shi a gindin fitilar ƙwai har mahaifina ya yi mini faɗan ƙona kananzir. Abin da ya kama ni shi ne, aku a cikin littafin aikin Iya yake yi. Dare bayan dare yana ba Musa ɗan sarki labari, yana riƙe shi da daɗin zance har gari ya waye, domin kada ya fita daga fada ya faɗa hannun maƙiya. Wato littafin zube mafi shahara a Hausa, wanda Abubakar Imam ya rubuta aka fara buga shi a 1937, a kan hirar dare aka gina shi, kamar yadda aka gina Dare Dubu da Ɗaya.

Ɗaukar tatsuniya daga baki zuwa takarda ya riga Imam. J. F. Schön ya buga Magana Hausa a 1885. Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, tsakanin 1911 da 1913, yawancinsa daga rubutun ajami da malamai suka yi masa. Sai dai waɗannan ayyuka an yi su ne domin Turawa masu koyon Hausa da manazarta, babu yaron da aka nufa da su. Hukumar Fassara da aka kafa a 1929, wadda ta zama Hukumar Talifi a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, ta samar da littattafan karatu domin makarantu. A farkon shekarun 1970 kuma marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi na ɗaya zuwa na shida, waɗanda da yawa daga cikinmu muka yi karatu da su. Duk waɗannan gado ne mai daraja. Amma idan aka lura, kusan dukkansu an rubuta su ne domin yaron da ya riga ya iya karatu, yana zaune a aji da rana, zanen da ke ciki kuwa jefi-jefi ne, rakiya kawai yake yi wa rubutu. Ko da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, matasa da matan aure ya fuskanta. Ɗan shekara uku zuwa shida, wanda bai san baƙi ko ɗaya ba, wanda kuma shi ne asalin mai tabarmar Iya, an bar shi ba littafi.

Irin littafin da nake nufi yana da siffa tasa. Hoto ne ke ɗauke da rabin labarin ko fiye, rubutu layi ɗaya ko biyu ne a shafi, babba ke karantawa da murya, yaro yana kallon hoton yana nunawa da yatsa. A Turai akan kai tarihin littafin yara mai hotuna ga Orbis Pictus na Comenius, wanda aka buga a 1658. Daga cikin wannan nau'i akwai reshe guda da aka keɓe wa lokacin kwanciya, jigonsa dare da barci da mafarki.

Tsarabar da Ba Ta Karɓu Ba

A 2018 na halarci wani taron masana harshe a Ingila, na shiga kantin littattafai na tarar da kanta guda cike da irin waɗannan. Na sayi biyu daga cikin waɗanda suka fi suna. Na farko Goodnight Moon na Margaret Wise Brown, wanda Clement Hurd ya yi wa zane, aka buga a Amurka a 1947. Ɗan zomo ne kwance a gado a wani babban ɗaki kore, yana yi wa kayan ɗakin sallamar dare ɗaya bayan ɗaya, ɗakin yana ƙara duhu daga shafi zuwa shafi. Na biyu Where the Wild Things Are na Maurice Sendak, na 1963, labarin yaron da ya yi rashin ji aka kora shi ɗaki ba abincin dare, ɗakin ya rikiɗe ya zama daji, ya shiga kwalekwale ya je ƙasar dodanni ya zama sarkinsu, sannan kewa ta dawo da shi gida ya tarar da abincinsa da ɗumi.

Da hutun ƙarshen shekara na tafi gida da su. Iya ta daɗe da rasuwa, tun ina jami'a. Gonakin suna nan, sai dai gado ya ƙara tsattsaga su. Abin da ya sauya shi ne dare. Bayan lisha yara sukan taru a kan wayar wani yayansu, suna kallon fim ɗin da aka turo masa a shagon masu caji, har batir ya mutu. Na tambayi matan gidan ko akwai mai yi wa yara tatsuniya, suka yi dariya, ɗaya ta ce ta san farkon guda biyu amma ƙarshensu ya ɓace mata.

Ƙanena yana da 'ya 'yar shekara biyar a lokacin, ita ce ƙarama a ɗakinsu, Auta ake ce mata. Uwarta ta gaya mini cewa kusan wata biyu ke nan yarinyar ba ta barcin kirki. Takan farka firgigit cikin dare tana kuka, ta ce wani abu baƙi mai dogon wuya yana tsaye a bayan danga yana leƙenta. Ana yi mata tofi, an karɓo mata rubutu, abin yakan lafa ya dawo. Na ce a raina ga ranar tsarabata.

Na zaunar da ita a tabarma, na kunna tocila, na buɗe littafin zomon ina fassara mata. Ta yi shiru tana kallo, har na fara jin daɗi. Can sai ta ɗora yatsa a kan gadon ta ce, "Baffa, me ya yi aka kwantar da shi shi kaɗai?" Na ce ɗakinsa ne. Ta ce, "Ina yayyensa?" Na ce ba shi da su. Ta nuna murhun da ke jikin bango ta ce, "Ga wuta ta kama ɗakin." Na yi ta bayani, ita kuwa tana ƙara matsowa jikina. Littafin da aka rubuta domin ya kwantar da hankalin yaro ya zama mata labarin maraya da aka kulle a ɗakin da gobara ta tashi. Auta ba ta taɓa kwana ita kaɗai ba, tsakanin uwarta da yayarta take kwana, ba ta kuma taɓa ganin an hura wuta a jikin bangon ɗakin kwana ba.

Littafin Sendak ya fi karɓuwa, kuma dalilin a bayyane yake. Da ta ga dodannin sai ta ce, "Dodo!" da murnar wanda ya gamu da ɗan garinsu a baƙon wuri, alhali rabin tatsuniya kawai ta taɓa ji. Amma shi ma da muka kai ƙarshe ta ce dodonta ba irin waɗannan ba ne, nata dogon wuya gare shi.

A daren na kwanta ina jin kunyar kaina. Na yi shekaru ina koya wa ɗalibai cewa ma'ana ba ta rabuwa da muhallin magana, sai ga shi na ɗauka hoto ya fi ƙarfin wannan doka. Ashe hoto ma harshe ne, koyonsa ake yi, kuma yaro yana karanta shi ne da abin da ya sani. Littattafan nan biyu ba su da aibi, sun yi wa yaran da aka rubuta dominsu aiki shekara da shekaru. Daren da ke cikinsu ne ba na Auta ba.

Littafin Kwali

Washegari da dare na ce mata ta zo mu je mu gai da mai dogon wuya. Ta ƙi, sai da yayanta ɗan aji shida ya riƙe mata hannu ɗaya na riƙe ɗaya. Muka tsaya a ƙofar ɗakinsu, na kashe tocila, na ce ta nuna mini. Ta nuna. Lalle kuwa akwai shi, dogo siriri, da kai kamar buzu-buzun gashi, yana rangaji. Na kunna tocila, sai ga bishiyar gwanda da ke bayan makewayi. Muka ji wani abu yana ƙarar-ƙarar a jikin zana, muka haska, akuya ce take susa. Wani ƙaton abu mai malafa da ke tsugune a kusurwa ya zama rumbu. Muka yi ta yi, a kashe a kunna, har ta karɓi tocilar da kanta.

Da safe muka nemi kwalin taliya da farar takarda da allura da zare. Yayan nata ya iya zane, shi ya ɗauki wannan aiki. Muka yi littafi mai shafi goma sha biyu. A shafi ɗaya akan ga duhu da inuwar abu, da tambaya layi ɗaya a ƙasa. Idan aka juya sai a ga wata ya haska abin, da amsa layi ɗaya. Gwanda ta samu shafinta, akuya da rumbu suka samu nasu, haka ma mujiyar da ke kuka a kan tsamiya. Da muka zo shafukan ƙarshe na tambayi Auta wane mafarki take so yarinyar cikin littafin ta yi. Ta yi tunani ta ce ta hau akuyar su tashi sama, ta kai wa Kaza da 'Ya'yanta tsaba, domin yayarta ta taɓa nuna mata waɗannan taurari, tun ranar kuma take tunanin wa yake ba su abinci. Haka aka zana. Shafin ƙarshe zakara ne ya yi cara, yarinya ta farka a tsakanin uwarta da yayarta.

Ƙanena da ya same mu muna ɗinki ya yi dariya ya ce, "Yaya, duk karatun naka a tatsuniyar mata ya ƙare?" Ban ce masa komai ba. Kwana huɗu bayan haka na fito alwala na hango shi a ƙofar ɗaki, littafin a hannunsa, Auta tana gyara masa inda ya tsallake.

Ba zan ce mafarkin ya ɗauke a dare ɗaya ba. Ya ci gaba da zuwa, amma ya yi ta ja baya, kuma uwarta ta ce idan ta farka takan ce da kanta, "Gwanda ce," ta koma ta kwanta. Addu'ar kwanciya tana nan a matsayinta, littafin kafin ita ake karantawa. Ya yi kusan shekara yana yawo a gidajen unguwar, har ranar da aka manta shi a tsakar gida, akuyar nan ta cinye rabinsa, har da shafin da hotonta yake.

Wani abu da na lura da shi a matsayina na ɗalibin harshe ya cancanci a ambata. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. A littafinmu kalmar "wata" ta fito sau biyu, a "wata akuya" da kuma a "wata ya fito". Ta farko karinta sama-sama ne da gajeren wasali a ƙarshe, ta biyu sama-ƙasa da dogon wasali, amma a takarda kamarsu ɗaya. Yayan Auta da ya zo ta biyun ya karanta ta kamar ta farko, ya yi turus, ya ɗaga ido ya ga farin wata a hoton, ya koma ya gyara da kansa. Haka abin yake ga "gari" na zama da "gari" na tuwo, ko "dawa" ta rumbu da "dawa" ta namun jeji. Ga mai koyon karatun Hausa, hoto yana cike gurbin da ƙa'idar rubutu ta bari.

Abin da Ya Rage ga Malami

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa. Manufofi sukan sauya daga gwamnati zuwa gwamnati, amma harshen da yaro yake mafarki da shi ba ya sauyawa da sanarwa. Daga wajajen 2015 an yi shirye-shiryen koyar da karatun Hausa a ƙananan azuzuwa, irin su Mu Karanta! a jihohin Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, an kuma samar da littattafai masu hotuna a ƙarƙashinsu. Shirin African Storybook ma ya sanya labaran yara na Hausa a intanet kyauta. Wannan ci gaba ne. Sai dai mafi yawansu kayan aji ne, kuma yaron ƙauye da bai shiga makaranta ba, ko wanda littafinsa ke kwana a ofishin hedimasta, bai san da su ba. Wanda yake tsaye tsakanin littafi da gidan wannan yaro shi ne malamin firamare, wato ku.

Tun daga wancan hutu, duk ajin da na koyar da adabin yara nakan sa kowane ɗalibi ya yi littafin dare guda da hannunsa, ya kai gida ya karanta wa yaro, ya dawo ya ba mu labarin abin da yaron ya ce. Daga abin da muka gani, ga abubuwan da nake jawo hankalinku a kai. Ku fara da tambayar yaro abin da yake gani da abin da yake ji da dare, kada ku fara da abin da kuke son koya masa. Ku zana gidan da ya sani, da tabarma da gidan sauro da rumbu da turken awaki. Rubutu kada ya wuce layi biyu a shafi, a sa maimaici da amsa-kama, a bar wa yaro gurbin da zai amsa kamar yadda ake amsa waƙar tatsuniya. A kiyaye ƙa'idojin rubutu, musamman baƙaƙe masu lanƙwasa, domin "dare" daban "ɗare" daban, "baki" daban "baƙi" daban, kuma kuskuren da yaro ya fara gani a takarda yana da wuyar kankaruwa. Abin tsoro yana iya shigowa, amma lalle a ci galabarsa kafin shafin ƙarshe, labarin kuma ya ƙare a gida. Kada a liƙa wa ƙarshen wa'azi, Iya ba ta taɓa ce mana ga darasin tatsuniya ba, mu muke tsintarsa. Idan kuka gamu da iyayen da suke da shakka game da zanen abu mai rai, ku saurare su da ladabi, ku yi shawara da malaman gari, ku kuma tuna cewa wata da taurari da bishiyoyi da inuwa sun isa su cika littafi.

Abu na ƙarshe shi ne murya. Littafin dare ba ya aiki shi kaɗai, sai da babba da zai zauna. Uwar da ba ta yi boko ba tana iya ba da labarin daga hotuna, idan malami ya nuna mata sau ɗaya. Yaya ɗan aji biyar yana iya karanta wa ƙaninsa, shi ma karatunsa ya ƙara kauri. Tsofaffin da suka rage da tatsuniya a ka kuwa, ku je ku zauna da su da biro da takarda tun suna raye. Ni ban yi haka da Iya ba, ina can ina nazarin ginin jimla, kuma daga tatsuniyoyinta da ba su ƙirguwa, waɗanda zan iya kawowa daga farko har ƙarshe ba su fi bakwai ba.

Auta yanzu ta shiga ƙaramar sakandare. Da na je gida da sallar da ta wuce, na tarar ta yanka kwali tana yi wa ɗan yayarta nasa littafin. Na tambaye ta me yake tsoro, ta ce, "Baffa, shi kukan jaki ne."

Jinga

1. Kawo amsa-kama guda goma da suka danganci dare ko barci ko tsoro, ka sa kowace a cikin jimla.

2. Me ya sa littafin zomo bai karɓu ga Auta ba, alhali na dodanni ya ɗan karɓu? Tattauna dangantakar hoto da muhallin yaro.

3. Nemi tatsuniya guda daga bakin wani tsoho ko tsohuwa a garinku, ka mayar da ita littafin hotuna mai shafi goma sha biyu, ka karanta wa yaro ɗan shekara huɗu zuwa shida, sannan ka rubuta abin da ya ce.